Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Lissafin Masu Tsaro a Ƙwallon Jami'o'in Amurka

Ranar Asabar 26 ga Satumba, 2020, ƙungiyar Jami'ar Jihar Misisipi ta ƙwallon Amurka, wasan da ake jifa da gudu da ƙwallo a hannu, ta je Baton Rouge, gidan Jami'ar Jihar Luwiziyana (LSU), wadda a lokacin ita ke riƙe da kambun ƙasa. Mai jifan baƙin, K.J. Costello, ya yi jifan da ya ci yadi 623, abin da ba a taɓa gani ba a gasar yankin SEC, aka tashi 44 da 34. Mako guda bayan nan Arkansas, wadda ta sha kashi sau 20 a jere a wannan gasa, ta bi Misisipi har gida ta doke ta 21 da 14. Costello ɗin nan dai, kocinsa Mike Leach ɗin nan dai, salon harin bai canza ba, amma sau uku masu tsaro suna cafe masa ƙwallo.

Bambancin makonnin nan biyu daga ɓangaren masu tsaro ya fito. Kocin tsaron LSU, Bo Pelini, ya sa yaransa su bi masu cafe ƙwallo mutum-da-mutum, kowa da nasa, duk inda ya nufa. Leach kuwa abin da yake nema ke nan. Sai ya riƙa tura yaransa suna gitta wa juna a tsakiyar fili, masu binsu suna tuntuɓe da juna, ƙwallo tana faɗawa hannun wanda ya kuɓuce. Barry Odom na Arkansas ya ɗauki akasin haka. Mutum uku ya bari su kai wa mai jifa hari, takwas suka ja da baya suka raba fili, kowa ya tsaya a gonarsa. Ya sakar wa Misisipi gajeren jifa na yadi huɗu ko biyar, in za su iya jure tafiyar hawainiya har bakin gida, to bismilla. Ba su iya ba. Haƙuri ya ƙare, Costello ya fara cusa ƙwallo inda babu hanya.

Na fara da wannan ne saboda a nan duk maganar take. Babu tsarin tsaron da ya rufe ko'ina. Kowane koci yana shiga fili da sanin cewa mutanensa ba su isa ba, aikinsa shi ne ya zaɓi ƙofar da zai bari a buɗe, ya kuma yi ƙoƙarin ɓoye ta. Tarihin tsaro a wannan wasa, daga shekarun 1950 zuwa yau, tarihin neman inda za a ɓoye wannan giɓi ne.

Ga wanda ya saba da ƙwallon ƙafa irin tamu, ga yadda abin yake a taƙaice. Mutum 11 ne a kowane ɓangare, filin yadi 100 ne a tsawo ban da gidajen ci biyu, faɗinsa yadi 53 da ɗan ɗoriya. Masu hari suna da yunƙuri huɗu su ci yadi 10, ko dai ta gudu da ƙwallo a hannu ko ta jifa. Kafin kowane yunƙuri ana tsayawa a jeru, shi ya sa inda kowa ya tsaya yake da nauyi fiye da yadda muka sani a Firimiya. Masu tsaro sahu uku ne: ƙattin gaba da ke durƙusawa fuska da fuska da abokan karawa, 'yan tsakiya da ake kira lainbaka, sai 'yan baya, wato masu tsaron gefe biyu da masu gadin nesa da ake kira sefti. In ka ji an ce 4-3, ana nufin ƙatti huɗu da 'yan tsakiya uku. In an ce 3-4, uku da huɗu. Su 4-2-5 da 3-3-5 sun haɗa har da 'yan baya a cikin lissafin.

Sai dai waɗannan lambobi kan yaudari mai kallo. Ƙungiyar da ta ce 3-4 take bugawa za ka iske mutum huɗu a sahun gaba a mafi yawan wasanta, ɗaya dai a tsaye yake maimakon durƙuso. Kuma yau kusan kowa da 'yan baya biyar yake yini a fili, abin da suke kira nikel, sunan kwandalar santi biyar. Abin da ya kamata a ƙirga shi ne kafofi.

Masu hari suna da ƙatti biyar a gaba: senta a tsakiya wanda ke sakin ƙwallo, gad biyu a gefensa, takul biyu a waje. Mutum biyar a jere suna samar da kafa shida da mai gudu zai iya bi. Wadda ke tsakanin senta da gad ita ce A, tsakanin gad da takul B, bayan takul C, hagu da dama. In an ƙara mutum na shida a ƙarshen sahu, wanda yake iya tokare mutum yake kuma iya cafe ƙwallo, kafofi sun zama bakwai. To yanzu a ce masu cafewa uku sun bazu a fili. Dole masu tsaro su ware mutum uku su tsaya a kansu, saura takwas. In aka ajiye sefti biyu a can baya domin tsoron dogon jifa, saura shida a kusa da ƙwallo, ga kafa bakwai. Ɗaya ba ta da mai ita. In kuma aka sauko da sefti ɗaya ya cike ta, to mutum ɗaya tal ya rage yana gadin faɗin yadi 53, masu tsaron gefe kuma kowa ya zama shi kaɗai da abokin karawarsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan bangon kuwa tun ranar gininsa da tsagarsa ya zo.

Domin a gaya wa ƙato daidai inda zai durƙusa, kociyoyi suna da lambobi da suka gada tun zamanin Bear Bryant da Bum Phillips a shekarun 1950. Sifili yana nufin hanci da hanci da senta, 3 kafaɗar gad ta waje, 5 kafaɗar takul ta waje, 4i kuwa kafaɗar takul ta ciki. Tazarar da ke tsakanin wasu daga cikinsu ba ta kai taku ɗaya ba, amma ita ke yanke wanda za a iya haɗa wa mutum biyu da wanda zai kutsa shi kaɗai. A riƙe 4i ɗin nan a zuciya, za mu dawo kanta.

Tun da can hanya biyu ake bi wajen raba kafofi. Ta farko, ka samo ƙato mai nauyin da zai riƙe abokin karawarsa ƙam, ya leƙa hagu ya leƙa dama, ya tsare kafa biyu shi kaɗai. In ka samu irinsa, ka ci ribar mutum ɗaya. Tsarin 5-2 na Bud Wilkinson a Oklahoma, wanda ya yi nasara sau 47 a jere daga 1953 zuwa 1957, shi ne kakan wannan gida, daga gare shi 3-4 ta fito. Ta biyu, kowa kafa ɗaya, ya kutsa da gudu ba tare da jiran ganin abin da zai faru ba. Jimmy Johnson ne ya ɗaukaka wannan a Mayami daga 1984 zuwa 1988. Ya riƙa mayar da manyan sefti 'yan tsakiya, 'yan tsakiya su koma sahun gaba, ya sayar da nauyi ya sayi sauri. Abin da ya sa a gaba shi ne salon wishbon, inda mai jifa ke duba mutum ɗaya ya yanke ko ya miƙa ƙwallo, ko ya riƙe, ko ya wurga wa na gefe. Johnson ya ga cewa in ka kutsa ka dagula wurin tun kafin a gama dubawa, ka kora ƙwallo gefe, masu saurinka za su cim mata. Oklahoma ta Barry Switzer, mai buga wishbon, ta yi wasa 36 daga kakar 1985 zuwa ta 1987, ta faɗi sau uku, duka ukun a hannun Mayami. Na ƙarshen shi ne 20 da 14 a ranar 1 ga Janairu, 1988, wanda ya ba Johnson kambu.

Wannan amsa ta yi aiki har masu hari suka sake tambaya. Hal Mumme da Mike Leach sun fara hari ta sama a wata ƙaramar kwaleji, Iowa Wesleyan, a 1989, suna baza mutum huɗu ko biyar a faɗin fili. Rich Rodriguez kuma a Glenville State ya ɗauko tsohuwar dabarar duba mutum ɗaya ya haɗa ta da wannan bazuwa. Ga inda lissafi ya rikice. A da, mai jifa kan miƙa ƙwallo ya koma ɗan kallo, masu tokara tara ke fuskantar masu tsaro 11, biyu ba su da mai tare su. In mai jifa da kansa zai iya gudu, masu tokara sun zama 10, mutum ɗaya ne ya rage a sake, shi ma yawanci seftin da ke can baya ne, yadi goma sha wani abu daga inda ake rikici. Ko kuma a bar ƙato ɗaya ba a taɓa shi ba: in ya bi mai gudu, mai jifa ya riƙe ƙwallo ya wuce ta wurinsa, in ya tsaya, a miƙa. Duk abin da ya zaɓa kuskure ne.

A nan dokokin jami'a suka ƙara wa masu tsaro kaya fiye da na ƙwararrun NFL. Akwai layuka biyu na ɗigo-ɗigo a tsawon fili inda ake ajiye ƙwallo. A NFL tazararsu yadi shida ce da ɗan ɗoriya, saboda haka ƙwallo kusan kullum a tsakiya take. A jami'a tazarar ta haura yadi 13. In aka ajiye ƙwallo a kan layi ɗaya, gefe guda yadi 20 ne zuwa bakin fili, ɗaya gefen ya haura 33. Shi ya sa kociyoyin jami'a ba su cika maganar hagu da dama ba, maganarsu ita ce gefen fili da gefen iyaka. Mai tsaron gefen iyaka shi ne wanda ake bari shi kaɗai, don jifa zuwa wurinsa gajere ne, yana kuma zuwa da wuri. Gefen fili ake kai ƙarin mutum.

Dokar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya ita ce ta yadi uku. A NFL ƙattin masu hari ba su da izinin wuce yadi ɗaya gaba in za a yi jifa. A jami'a an ba su uku. Ɗan tsakiya tun yana yaro abin da aka koya masa shi ne ya kalli ƙattin: in sun danno gaba, gudu ne, ya ruga ya cike kafarsa, in sun ja da baya, jifa ne, ya koma baya. Yadi uku ya isa ƙatti su nuna masa gudu sak, ya rugo, mai jifa ya zare ƙwallo ya jefa ta daidai wurin da ya baro. Wannan shi ne gudu-ko-jifa, RPO a bakinsu. An ɗora wa mutum ɗaya aiki biyu a wuri biyu a daƙiƙa ɗaya, taura biyu kuwa ba ta taunuwa. Ranar 30 ga Nuwamba, 2013, Nick Marshall na Auburn ya riƙe ƙwallo ya zabura hagu kamar mai gudu, 'yan bayan Alabama suka taho tarbarsa, ya wurga wa Sammie Coates da ba kowa a kansa, yadi 39, aka yi 28 da 28 saura daƙiƙa 32. Kowa yana tuna yadda wasan ya ƙare 34 da 28, amma kociyoyin tsaro wannan jifan ne ya hana su barci. A 2015 an kawo shawarar a rage dokar zuwa yadi ɗaya, aka jingine ta. A ganina da an yi, da an yi adalci, domin yaron da ya bi abin da idonsa ya gani daidai bai kamata ya zama shi ne mai laifi ba.

Sai kuma gaggawa. Doka ta ce in masu hari sun canza 'yan wasa, dole alƙali ya dakata masu tsaro su ma su canza. In ba su canza ba, babu jira. Chip Kelly a Oregon da Gus Malzahn a Auburn suka mayar da wannan makami: ka shigo da ƙato mai kilo 160 domin yunƙuri ɗaya, sai su ƙi ba ka damar fitar da shi, su yi ta sa shi gudu daga wannan gefe zuwa wancan har numfashinsa ya ɗauke. Alabama ta Nick Saban a 2011 ta bar abokan karawa da maki 8.2 a kowane wasa, ta hana LSU ko maki ɗaya a wasan ƙarshe, 21 da 0. Shekara guda bayan haka Johnny Manziel na Texas A&M ya zo Tuscaloosa gidan Alabama ya ci su 29 da 24. Ranar 1 ga Janairu, 2015, Jami'ar Jihar Ohayo ta zuba musu 42, Ezekiel Elliott shi kaɗai ya ci yadi 230 da ƙafa. Saban ya goyi bayan a kafa dokar rage gaggawa a 2014, ba ta samu shiga ba, sai ya koma ya rage wa yaransa nauyi.

Wanda ya hango wannan zamani tun da wuri shi ne Gary Patterson na TCU, wato Jami'ar Texas Christian. Ya mayar da 'yan baya biyar abin yau da kullum, uku daga cikinsu sefti. Abin da ya fi burge ni a wurinsa shi ne yadda ya tsaga umarni: ƙattin gaba da 'yan tsakiya suna karɓar nasu dabam, 'yan baya kuma an raba su gida biyu, kowane gefe yana warware matsalarsa ba tare da jiran ɗaya gefen ba. Yaro yana koyon abu kaɗan, amma in aka haɗa gutsattsarin sai su ba da siffofi da yawa. TCU ta fi kowa hana cin yadi a ƙasar shekara uku a jere, 2008, 2009 da 2010. Masu cewa ƙananan mutanensa ba za su iya da ƙatti ba sun samu amsa ranar 1 ga Janairu, 2011, da ta doke Wisconsin 21 da 19 a Rose Bowl, ɗaya daga manyan wasannin ƙarshen kaka, Tank Carder ya doke jifan da zai kawo kunnen doki saura minti biyu.

Pat Narduzzi a Jami'ar Jihar Mishigan ya bi wata hanyar. Ya ajiye sefti biyu, amma kusa, wajen yadi takwas ko tara, idonsu a kan mai cafewa na ciki. In ya miƙe da gudu su bi shi, in ya tsaya tokara su sauko kamar 'yan tsakiya. A takarda mutum huɗu ne suka raba baya, a aikace mutum tara ne ke jiran mai gudu. Da haka suka ci gasar Big Ten a 2013, suka kuma tsayar da Stanford a yunƙuri na huɗu suka ci Rose Bowl 24 da 20. A kakar da ta biyo baya aka gano ƙofar: ka sa yaronka mafi sauri a ciki, ka nuna gudu, seftin ya yi taku ɗaya gaba, shi ke nan an bar shi. Oregon ta zuba 46, Ohayo 49, Baylor 41. Saban ma da irin wannan tunani ya zo daga Cleveland, inda ya yi aiki a NFL ƙarƙashin koci Bill Belichick: a fara da tsaron gona, da zarar masu cafewa sun nuna inda suka nufa, kowa ya kama wanda ya shigo gonarsa ya bi shi. Yau kusan babu babbar ƙungiyar da ba ta yin wani nau'i na wannan.

Amsar da ta fi ba ni sha'awa ta fito ne daga yankin Big 12, inda tsaro ya zama abin tausayi. A can ne a 2016 Oklahoma ta ci Texas Tech 66 da 59, kowace ƙungiya ta ci yadi 854, Patrick Mahomes na Texas Tech ya yi jifan yadi 734 kuma ya faɗi. Mataki na farko shi ne matsattsen sahu, wanda Dave Aranda ya yi suna da shi a Wisconsin da LSU: ƙato ɗaya a kan senta, biyu a 4i. Mutum uku sun toshe kafofin ciki, ƙwallo ba ta da mafita sai gefe. Amfaninsa shi ne ɗan tsakiyar da aka ba kafar B a da, wanda gudu-ko-jifa ke wahalarwa, an sauke masa wannan kaya. Kafar da ta rage ta waje ce, mai gudu sai ya yi tafiya a karkace kafin ya kai, wannan ɗan lokaci kuwa ya isa wanda ke nesa ya iso.

Jon Heacock na Jami'ar Jihar Ayowa ya ɗora a kai a farkon kakar 2017. Ba shi da ƙatti huɗu na kirki, sai ya cire ɗaya ya ƙara sefti na uku a baya. Uku a gaba, uku a tsakiya, uku a baya, biyu a gefe. Mai jifa ya ɗaga kai ya ƙirga, ya ga mutum biyar ko shida a kusa, lissafi ya ce masa a yi gudu. Da an miƙa ƙwallo sai seftin tsakiya ya sauko kamar shaho, kuma babu wanda aka ware ya tare shi, tun da ba a sa shi a lissafi ba. In kuma jifa aka yi, ga mutum takwas a baya. Ranar 7 ga Oktoba, 2017, sun je Norman gidan Oklahoma ta Baker Mayfield, wanda ya ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'a a shekarar. Oklahoma ta ci maki 24 kafin hutun rabin lokaci, bayan hutu bakwai kacal, aka tashi 38 da 31. Makonni uku bayan nan suka doke TCU 14 da 7. Abin da talauci ya haifa sai ga masu hali suna zuwa koyo, har Brent Venables na Clemson ya ɗauki wani abu daga ciki a 2019. Arkansas ta Odom da muka fara da ita daga wannan rijiya ta sha.

Akwai kuma masu cewa jira wulaƙanci ne, gara a kai samame da mutum shida ko bakwai a kayar da mai jifa kafin ya ɗaga hannu. Gabar Jami'ar Mishigan (ba ta Jihar Mishigan ba) da Ohayo ta nuna kuɗin wannan caca a ɓangarorin biyu. Don Brown na Mishigan ya shiga wasan 2018 da tsaron da ya fi na kowa a ƙasar a kan takarda, samame da bin mutum-da-mutum. Ohayo ta yi masa abin da Leach zai yi wa Pelini daga baya, gittawa a tsakiya da yara masu sauri, 62 da 39. Mishigan ta ɗauko Mike Macdonald daga Baltimore Ravens a 2021, sannan Jesse Minter, suka koma ɓoye niyya. A 2022 sai Ohayo ta Jim Knowles ta faɗa ramin: ta tura kowa gaba ba mai gadin baya, Donovan Edwards ya ratsa sau biyu, yadi 75 da yadi 85, aka tashi 45 da 23. Shi ya sa masu wayo yanzu suka koma samamen ƙarya. Mutum shida za su taru a bakin layi, huɗu ne za su zo, kuma ba huɗun da ake zato ba: wani ƙato ya ja da baya, wani ɗan tsakiya ya kutso. Ƙattin masu hari biyu suna tsaye suna tare iska, bakwai kuma suna baya.

Duk wannan dabara ce ta sarkin yawa, yadda za a sa mutum ɗaya ya bayyana a wuri biyu. Amma ba zan ɓoye ba, a wannan wasa sarkin ƙarfi yakan yi wa lissafi dariya. Saban da bakinsa ya faɗa a 2020, kakar da suka ci Ole Miss (Jami'ar Misisipi) 63 da 48, cewa tsaro mai kyau ya daina rinjayar hari mai kyau. Shekara guda bayan nan tsohon yaronsa Kirby Smart ya fito da Jojiya da ta bar abokan karawa da maki 10.2 a kowane wasa, ta doke Alabama 33 da 18 ta ɗauki kambunta na farko tun 1980. Matsattsen sahun nan dai suke yi, samamen ƙaryar nan dai. Bambancin shi ne wanda ke durƙushe a kan senta Jordan Davis ne, mai kilo 155 da ke cin yadi 40 a daƙiƙa 4.78. Dole a haɗa masa mutum biyu, ka ga ribar mutum ɗayan da Wilkinson ke nema ta dawo. Biyar daga masu tsaron nan NFL ta ɗauka a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa a 2022, har da Travon Walker na ɗaya gaba ɗaya.

A kakar da ta biyo baya TCU, wadda ta koma 3-3-5 bayan tafiyar Patterson, ta ba Mishigan mamaki 51 da 45, sau biyu masu tsaronta suna cafe ƙwallo su kai ta gida. Kwana tara bayan haka ta haɗu da Jojiya aka tashi 65 da 7. Mutum uku a gaba suna aiki ne in za su iya cinye biyar. In ƙattin abokan karawa sun ture su sun isa ga 'yan tsakiya, seftin da ke saukowa daga nesa zai tarar an riga an wuce. Na ga ƙungiyoyi da dama sun kwafi zanen Heacock ko na Smart ba tare da sun duba irin yaran da ke hannunsu ba, zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Abu na ƙarshe da ba a cika faɗa ba shi ne lokacin koyarwa. Waɗannan ɗalibai ne 'yan shekara 18 zuwa 23, dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, ta ƙayyade musu awa 20 a mako a lokacin kaka. Tun da aka sauƙaƙa sauya makaranta a 2021, seftin da ka shekara biyu kana koya wa karatun mai cafewa na ciki yana iya tafiya a ƙarshen kaka, ka karɓi baƙo a madadinsa. Tsarin da ya fi kyau a allo ba shi da amfani in yaro zai tsaya tunani rabin daƙiƙa. Wannan ya sa nake girmama Phil Parker na Jami'ar Ayowa, wanda tun 2012 yake koyar da abu kaɗan har yaransa su iya shi cikin barci, sauyin da ya yi na a-zo-a-gani shi ne ƙara ɗan baya na biyar a 2018.

Daga 2024 an yarda koci ya yi magana kai tsaye ta na'urar da ke cikin hular ɗan wasa ɗaya a kowane ɓangare, wanda ake liƙa wa koren ɗigo. Agogon yunƙuri daƙiƙa 40 ne, ana katse na'urar in ya rage 15. Masu hari sun san da haka, sai su jeru, su jira a katse, sannan su tura mutum ɗaya da gudu daga wannan gefe zuwa wancan. Kafofi sun sake lissafi, gefen da ke da mutum biyu ya koma uku, koci yana bakin fili ba ya da baki. In kana kallo, a daidai wannan lokaci ka ɗauke ido daga ƙwallo ka mayar kan sefti biyun nan. Za ka ga ɗaya yana ɗaga hannu yana yi wa ɗan'uwansa ihu, ɗayan yana matsowa taku biyu gaba ko yana ja da baya, kafin senta ya saki ƙwallo.